Yadda ake kafe sef ɗin bindiga a gida don kada ɓarawo ya ɗauke shi

Yawancin masu kirana aikin sef sun riga sun zuba kuɗi mai kauri wajen sayensa, sannan sun jingine shi a kusurwar ɗaki kamar firji, wai nauyinsa kaɗai ya isa. Bai isa ba. Abin da ƙarti uku suka shigo da shi, ƙarti uku za su fitar da shi. Ɓarawo ba ya tsayawa kokawa da makulli a ɗakinka in zai iya kwantar da akwatin a kan bargo ya ja shi zuwa mota, ya je inda ba mai jin ƙararsa ya yanka da garanda cikin natsuwa. Sef ɗin da ba a kafe ba, tattara wa ɓarawo kaya ka yi wuri guda.

Da mai bindigar farauta da ke da lasisi nake magana. A Najeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta sa lasisin bindiga irin mai baki biyu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na bindigar toka kuma a hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar ta kuma ɗora wa mai lasisi nauyin tsare bindigarsa a kowane lokaci, da sanar da hukuma idan ta ɓace ko an sace ta. Wato bindigar da aka sata ba asarar dukiya kaɗai ba ce: lambar jikinta sunanka take ɗauke da shi duk inda aka yi ɓarna da ita. Hanyar da zan bayyana tana aiki ga sef na kuɗi, gwal da takardun fili ma.

Kayan da za ka tanada

- Sef ɗin kansa. Duba kaurin ƙarfen jikinsa, kada fenti ya ruɗe ka. Ƙasa da milimita 2 gwangwani ne. Milimita 3 zuwa sama shi nake so, ƙofar kuma ta fi jikin kauri. Waɗanda ake shigowa da su daga Ingila wasu suna da alamar BS 7558, ma'aunin akwatin bindiga na can. Na Amurka da geji ake faɗin kaurinsu, kuma lambar tana raguwa ne ƙarfen yana ƙara kauri: geji 14 kusan milimita 2 ne, geji 10 ya haura 3 kaɗan. Bindigar farauta tana kai santimita 115 zuwa 120, don haka nemi mai tsayin 130 zuwa 150.
- Diril mai duka, wanda ake huda kankare da shi. Na kafinta ba zai yi ba, ƙone baki kawai za ka yi.
- Bakin huda kankare, da bakin huda tayil idan ɗakin da tayil, da bakin huda ƙarfe idan sef ɗin bai zo da ramuka ba.
- Anka bol, wato bol ɗin da ke buɗewa ya kama cikin kankare, guda huɗu na ƙasa, biyu na bango. Iri biyu ne a kasuwa, kuma nan mutane ke yin kuskure. Wanda ake bugawa da guduma, mai zobe a gindi, raminsa daidai kaurinsa yake: bol na milimita 12, rami 12. Wanda ake ce wa rol bol, mai riga da ke buɗewa, raminsa ya fi shi faɗi: na 10 yana son ramin 16, na 12 yana son 20. Sayi bol da bakin diril a shago ɗaya, ka gwada su a gabanka.
- Wosha masu faɗi da kauri, sufana, guduma, lebul, tef ɗin awo, alli ko maka, tef mai ɗanko, famfon ba keke iska, tsohon buroshin haƙori, tabarau da takunkumi.

A Kano duk za ka same su a Ƙofar Ruwa, a Kaduna kuma a Panteka. Ƙananan kusoshi da fisha na roba da ake samu cikin kwalin sef, ajiye su don rataye agogon bango.

1. Zaɓi wuri

Rabin aikin a nan yake, kuma ba ya cin ko sisi. Wuri mafi kyau shi ne kusurwa, inda bayan sef zai manne da bango ɗaya, gefensa kuma ya manne da ɗayan. Sai ka lura da wane gefe ne zai bi bangon: gefen da ƙofa take buɗewa, wato wajen makulli, shi ake matsawa jikin bango, gefen hinji yana waje. Dalili kuwa, ɓarawo yakan cusa dogon ƙarfe ne tsakanin ƙofa da jiki ta wajen makulli, ya danna. Idan bango ya tare wajen, ƙarfen ba shi da filin da zai karkata. Cikin wadirof na gini ya fi ko'ina, domin ya haɗa matsi da ɓoyo.

Akwai wuraren da ba na yarda in kafa ko mai gida ya nace. Bangon da bayansa bandaki ne, saboda danshi da bututun ruwa. Bangon waje da ke kallon lungu, musamman na bulo mai inci 6, domin ana fasa shi ta baya ba tare da an taka cikin gida ba. Gareji da sito na tsakar gida, inda mutum zai yi awa guda yana aiki ba a ji. Falo kuma, inda kowane baƙo da ɗan aike zai gani. Haka nan ka tsaya a waje ka leƙa ta taga: in ana hango wurin, sauya.

Kafin ka yanke shawara, dubi soket da makunnin fitila. Wayarin gida yawanci miƙewa yake sama ko ƙasa daga gare su cikin filasta, don haka kada ramin bango ya faɗa kan wannan layi. Ni kaina na taɓa huda bututun ruwa a wani gida saboda na yarda da maganar mai gida cewa "babu komai a nan". Aikin awa biyu ya koma na kwana biyu. Tun daga ranar sai na zagaya bayan bango na gani da idona.

2. Gane abin da ke ƙarƙashin ƙafarka

Anka bol ba ya riƙe komai sai kankare. Tayil ba kankare ba ne, simintin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa ma ba kankare ba ne. A gidajenmu za ka samu tayil kusan santimita 1, simintin shimfiɗa 3 zuwa 5, sannan kankare, in akwai shi. Gidaje da dama kuwa babu: an cika da jar ƙasa, an daddaka, an yi daɓen siminti mai kaurin yatsa biyu.

Hanyar ganewa ita ce ramin gwaji. Da ƙaramin baki, huda inda sef zai rufe, kana kallon ƙurar da ke fitowa. Ta siminti laushi gare ta, diril na nutsewa da sauri. Ta kankare fara-fara ce, za ka ji tsakuwa tana turjiya. In ka ga jar ƙasa ko yashi, ka wuce daɓen ke nan. Auna zurfin da ka yi. Abin da ake buƙata shi ne bol ya shiga cikin kankare tsantsa santimita 6 zuwa 7, ban da tayil da shimfiɗa. Saboda haka a ɗaki mai tayil, bol mai tsawon santimita 15 nake saye, ba na 8 ba. An taɓa kirana wani gida bayan an yi sata: sef ɗin an ɗaure shi da bol huɗu, amma dukansu cikin shimfiɗa suka tsaya. Ɓarayin sun ɗaga shi da tayil biyu manne a gindinsa.

A bene, dekin kankare ne mai kyau, yawanci santimita 15, amma bututun waya na bi ta cikinsa zuwa fanka da fitilun ɗakin ƙasa. Sauka ka duba inda suke, ka kauce wa layinsu, kuma kada zurfin ramin ya wuce rabin kaurin dekin da yawa.

Idan gwaji ya nuna babu kankare, tsallaka zuwa sashen da na yi wa wannan matsala a ƙasa, sannan ka dawo.

3. Shigo da shi, ka sa alama

Shigo da sef da yamma ko da sassafe, a lulluɓe, da taimakon 'yan gida. Kada ka tara masu dako da yaran unguwa, kuma kwalin mai hoton bindiga kada ya je bola haka nan, yayyaga shi. Idan ƙofar irin wadda ake zarewa daga hinji ce, zare ta, nauyi zai ragu sosai. Doguwar sef in an buɗe ƙofarta kafin a ɗaure ta tana iya kifowa gaba, don haka a kori yara daga ɗakin, mutum ɗaya kuma ya riƙe ta.

Idan akwai sikatin, wato siririn tayil ɗin da ake zagaya gindin bango da shi, fasa shi daidai faɗin sef don bayan ya kwanta lif. Tazarar yatsa ɗaya a baya ta isa a zura ƙarfe ko igiya. Tura shi wurinsa, ɗora lebul, buɗe ƙofa ka tabbata tana buɗewa har bindiga ta fita ba tare da karo ba. Sai ka zana ramukan ta ciki, na ƙasa da na baya. In bai zo da ramuka ba, huda huɗu a kusurwoyin ƙasa, kamar santimita 5 daga gefe. Ja sef gefe.

4. Huda

Kashe wutar ɗakin daga babban akwati idan bango za ka taɓa, ka jawo wutar diril daga wani ɗaki ko janareto. A kan tayil, manna tef a wurin alamar don kada baki ya zame, ka huda da bakin tayil ba tare da kunna duka ba. Ramin tayil ya ɗan fi na bol faɗi, in ba haka ba zai tsage lokacin ɗauri. Da ka wuce tayil, sauya baki, kunna duka.

Naɗa tef a jikin bakin diril daidai zurfin da kake so, ka ƙara santimita 1 a kan tsawon da bol zai shiga, don ƙura ta samu wurin zama. Riƙe diril a tsaye cak. Kada ka jujjuya shi don ya yi sauri. Ramin da ya yi faɗi ba ya riƙe bol, kuma ba a gyara shi sai da gam. In ka ji baki ya tsaya yana ƙara daban, rodi ka samu. Kada ka dage. Matsa santimita 3 zuwa 4 ka yi sabon rami, ka huda ƙasan sef daidai da shi.

Na kusa da bango ma a kula: ramin da ya matse gefen kankare yakan ɓalle shi. Bar aƙalla santimita 8 zuwa 10 in da hali.

5. Share ramin

Mataki ne na minti biyu, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Hura da famfon keke, goga da buroshi, sake hurawa, har sau uku. Ƙura ce ke sa bol ya riƙa juyawa a wuri ɗaya ba ya kamawa. Kada ka hura da baki.

6. Ɗaure ƙasa

Ga mai zobe: mayar da sef wurinsa, sa wosha da noti a kan bol har notin ya yi daidai da kansa don guduma kada ta lalata zaren, zura ta ramin sef, buga har wosha ta zauna. Ga rol bol: rigar ake fara sawa a rami har ta nutse ta wuce tayil da shimfiɗa, sannan a mayar da sef, a zura bol ta sama.

Ɗaure dukansu da hannu tukuna. Duba lebul. Idan ƙasa ba ta daidaita ba, cusa wosha ko guntun falan ƙarfe a ƙarƙashi kusa da bol, ba katako ba, domin katako yana motsewa, gara ma tana ci. Daga nan ɗaure da sufana bi da bi, na gaba dama, na baya hagu, haka dai, kowanne juyi uku zuwa biyar bayan ɗaurin hannu. In ya yi tauri, tsaya. Masu ƙarfi sukan ƙara bututu a sufana su danna har zobe ya zame ko kankare ya tsage.

Bayan kowane zagaye gwada ƙofa. Sef mai siririn jiki yana murɗewa idan an ɗaure gefe ɗaya fiye da ɗaya, sai ka ga sakata ta ƙi shiga. In haka ta faru, sassauta, gyara cikon ƙarƙashi, sake ɗaurewa. Wosha mai faɗi ba ado ba ce: ita ke hana kan bol ya yaga ƙarfen ƙasan idan an ɗaga da ƙarfi. Ni nakan yanka falan ƙarfe mai milimita 5, faɗin tafin hannu, in sa a madadinta.

7. Ɗaure bango

Doguwar sef da aka ɗaure ta ƙasa kawai, tsayinta ne makamin ɓarawo. Ya kama sama ya riƙa girgizawa gaba da baya har bol ya saki. Bol biyu a sama, cikin bango, su ne maganin wannan.

Matsalar ita ce bulonmu rami ne a ciki, kuma da yawansa yashi ya fi siminti. Anka bol a cikin irinsa murƙushe shi kawai yake. In ka yi sa'a bayan sef ya dace da fila ko linta, kankare ne, yi yadda ka yi a ƙasa. In bulo ne, hanyoyi uku gare ka. Ta farko, wadda na fi so: huda bangon ya ɓulla ɗaya ɗakin, zura dogon ƙarfe mai zare na milimita 12, sa falan ƙarfe a can, yi wa notin walda, fasa filasta kaɗan ya nutse, a shafe. Notin da ake kwancewa yana cikin sef. Wannan sai bangon cikin gida. Ta biyu: fasa ƙaramar kafa a saman bulon da bol zai shiga, ɗura kankare mai ruwa-ruwa ya cika ramin, jira ya bushe, sannan ka huda. Ta uku: gam ɗin anka mai haɗi biyu tare da 'yar ragarsa, wadda ke riƙe gam a cikin ramin bulo. A bulo, kashe dukan diril, juyi kawai ya isa.

Idan akwai 'yar tazara tsakanin bayan sef da bango, cike ta da wosha kafin ɗauri, kada ka lanƙwasa bayan.

8. Gwada shi kamar ba naka ba

Rufe ƙofa, kama sama da hannu biyu, ja da iya ƙarfinka. Ko motsi bai kamata ya yi ba. Zagaya gefuna da bakin sukundireba. Duk inda ya shiga a ƙasa ko baya, cike da siminti mai ƙarfi. Bayan mako guda sake bin notin da sufana, sukan ɗan saki.

Idan babu kankare, ko babu diril

Gidan ƙasa, ko daɓe siriri, sai a yi wa sef nasa gindin. Fasa daɓen ya fi sef faɗi da santimita 15 ta kowane gefen da ke buɗe, haƙa zurfin 30 zuwa 40, ƙasan ramin ya fi bakinsa faɗi don kada a zaro curin. Shimfiɗa leda mai kauri saboda danshi. Kwaɓa kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, ka jera rodi kaɗan a ciki. Tun kankaren yana ɗanye ake dasa ƙarafa huɗu masu zare da aka lanƙwasa gindinsu kamar ƙugiya. Don su dace da ramukan sef, zana ramukan a kan falanki, huda, ka jera ƙarafan a jikinsa kafin ka dasa. Naɗe zaren da leda kada siminti ya ɓata shi. Riƙa yayyafa ruwa kwana 7. Kankare sai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Kada ka ɗaure da ƙarfi kafin mako biyu. Wannan hanya ba ta buƙatar wuta ko diril, kuma a gaskiya ta fi anka bol riƙo. Bangon ƙasa kuwa kada ka dogara da shi ko kaɗan.

Ɗan haya ya nemi izinin mai gida, ba sai ya faɗi abin da zai ajiye ba. Rami huɗu ana cike su da siminti ranar tashi, tayil ɗaya ko biyu ana sauyawa. In an hana, a yi wa sef ɗin walda ko ɗauri a kan faffaɗan falan ƙarfe mai kauri wanda ya fi ƙofar ɗakin faɗi ta kowace fuska. Bai kai kafewa ba, amma ya fi babu.

Makulli, harsashi da tsatsa

Mutane kan gama duk wannan wahala su ajiye makulli a ƙarƙashin filo ko saman wadirof, wuraren da ɓarawo ke fara dubawa, yaro ma ya san su. Ɗaya ya zauna a jikinka, na biyu a wani wuri da ba ɗakin ba. Sef mai lambobi, sauya lambar kamfani a ranar farko, kada ka sa shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya, ka sauya batir duk shekara. Makullin ko-ta-kwana da yake zuwa da shi kada ya kwana a cikin sef ɗin. Sau da dama an kira ni in yanka ƙofa saboda wannan.

Bindiga ba ta shiga sef da harsashi a cikinta. Buɗe ta ta inda ake sa harsashi, ka duba da ido, kowane lokaci. Harsashi a ƙaramin ɗakin da ke sama a cikin sef, mai makullinsa, ko wani akwatin daban. Mai bindigar toka kuma ya kiyaye: albarushi ba a rufe shi cikin akwatin ƙarfe mai matsewa, domin in gobara ta tashi fashewa zai yi. Akwatin katako mai kwaɗo, nesa da wuta, shi ne wurinsa.

Ɗauki hoton lambar bindigar da na lasisi ka ajiye a wani wuri daban, za su yi amfani idan ta kai ga rahoto. Sef siriri ba ya tare gobara, don haka takardun asali kada su dogara da shi. Idan kuma 'yan fashi suka ritsa ka suka ce buɗe, ba don wannan aka yi sef ba, kada ka yi gardama a kansa.

Saura tsatsa. Da hunturu ba ka da damuwa sai ƙura, amma a Yuli da Agusta akwatin ƙarfe da ke zaune kan kankare yana tara gumi, mako kaɗan sai ka ga ja-ja a bakin bindiga. Shimfiɗa roba a cikin ƙasan sef, ka sa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi da na magani, da yawa, cikin safa. Duk wata ka fito da su ka shanya a rana mai zafi. Kada ka ajiye bindiga cikin jakarta ta fata ko soso, danshi suke riƙewa. Shafa mata mai kaɗan da tsumma, ka jingine ta bakin yana kallon ƙasa na kwana biyu don man kada ya gangara cikin katakon gindi. Kawunan bol ɗin ma a ɗiga musu giris, kuma idan damina ta wuce ka ɗaga robar ka duba su.